Shinkafar farin kabeji: wa ya taɓa yi a gida, kuma da me aka goga?

Uwar 'yan biyu, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa yin shinkafar farin kabeji da hannunsu su faɗa min yadda suka yi. Wanda 'yan kasuwa ke kira kalifulawa nake nufi, mai farin kai a dunƙule kamar auduga. Mahaifiyarmu ce likita ya ce ta rage shinkafa da tuwo saboda ciwon suga, ita kuwa Hajiya in ba ta ga shinkafa a kwano ba, a wurinta ba a yi girki ba. Wata 3 ke nan tana tsakurar abinci, ta rame, abin yana damuna ƙwarai. Jiya na sayo kai guda a 'Yankaba, na wanke, na markaɗa a bilenda da ruwa, na tace, na ɗora kamar yadda nake dafa shinkafa. Abin da na sauke fate ne, ga wari ya cika gidan. Loma ɗaya ta kai ta ture kwanon. Ba ni da injin nan mai yayyanka kayan miya da ake nunawa a bidiyo. Abin da nake da shi bilenda ce, da abin goga kuɓewa, da wuƙa, da turmi. Wanne zai yi a ciki?

Mai girki daga Jos:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. 'Yar uwa, sunan ne ya yaudare ki, kamar yadda ya yi min da farko. Shinkafa busasshiya take zuwa, ita ke shan ruwa. Farin kabeji kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, don haka duk ɗigon da kika ƙara masa ɓarna ce. Aikin duka na fitar da ruwa ne.

Ni shekara 2 ke nan ina yi wa maigida, kuma abin goga kuɓewa kaɗai nake amfani da shi, gefen mai manyan huji. A nan muna samunsa ɗanye shar a Farin Gada, don sanyin Filato yana karɓarsa. In za ki saya, ki duba kan ya zama a matse, da nauyi a hannu, ganyen da ke kewaye da shi bai yi yaushi ba. Wanda ya fara buɗewa ko ya yi ɗigo-ɗigon baƙi ya kwana biyu, shi ne ya fi wari.

Ina raba shi gida 4, in jiƙa a ruwan gishiri kamar minti 10 saboda ƙananan tsutsotsi da ke ɓuya a tsakanin rassan. Sai in ɗauraye in baza a faifai har ya bushe sarai. Nan ne mutane ke gaggawa. In da safe zan girka, tun dare nake wankewa. Wajen gugar ki riƙe ta gindin ki goga kan, gindin shi ne mariƙinki, yana kare miki yatsu. In kin zo kansa shi ma ki fere bayan ki goge, ana ci. Ki sa magogin a cikin babbar roba, don yana tarwatsi. Zai fito kamar tsakin masara. Kai ɗaya matsakaici yana ba ni wajen kofi 4.

Girkin kuma suya ce. Kasko mai faɗi, mai cokali 1, albasa da tafarnuwa su yi ƙamshi, sai ki zuba ki riƙa juyawa a wuta mai ɗan ƙarfi, minti 5 zuwa 6, ba murfi. Gishiri da magi sai za ki sauke, don gishiri yana jawo ruwansa waje. In kaskon ƙarami ne ki raba sau biyu, in ya taru da yawa turara kansa yake yi ya caɓe.

Anti malamar makaranta, Zariya:
Turmin nan dai ki ajiye shi. Na gwada, sama ya dake ya zama ruwa, ƙasa kuma guntaye manya. Daka yana fasa shi ne, ba ya yanka shi. Ni da wuƙa nake yi saboda amosanin yatsu ba ya barina guga. In ɗora a katako, in riƙa shafto saman siriri-siriri kamar mai yanka kabejin salak, da kansa yake marmashewa. Abin da ya rage in sassara. Ya fi ɗaukar lokaci, amma na wuƙa ya fi kowanne yin wara-wara, kuma bai cika tsatsar da ruwa ba.

Hajiya mai dambu, Katsina:
'Yata, ki saurare ni, don shekaruna sun kusa na mahaifiyarki. Kada ki kai mata ki ce ga shinkafa. Harshen da ya shekara 60 yana cin shinkafa ba za a ruɗe shi da ganye ba, tana sa wa a baki ranta zai ɓaci ko da ya yi daɗi. Ki ce mata dambu kika yi. Kuma ki yi shi dambun.

Ni haka nake wa kaina. In goga, in matse a ƙyallen tatar koko, in zuba a madambaci bayan ruwan ƙasa ya riga ya tafasa. Zogale nakan dafa daban tukuna in matse, don ya fi shi jinkirin nuna. Turare ɗaya ne, minti 4 ko 5, ba kamar na tsaki da ake saukewa a yayyafa ruwa a mayar ba. Ina saukewa in juye a tire in baza tururin ya fita, sannan in haɗa da zogalen, albasa ɗanya, attaruhu, dakakken ƙuli-ƙuli da man gyaɗa soyayye. Ƙuli-ƙulin nan shi ne sirrin, yana tsotse sauran damshin kuma yana ba shi nauyi a baki. Jikokina suna sa hannu su ci ba su tambaya.

Mai girki daga Jos:
Hajiya, wannan na ƙaru da shi, ban taɓa tunanin ƙuli-ƙuli ba. Ni da na gwada turarawa ya yi min laushi da yawa, amma yanzu na gane a tukunyar na bar shi a rufe bayan na kashe wuta. Bazawar nan da kike yi ita ce na rasa.

Baban yara, Kaduna:
Ku yi haƙuri in sa baki a zancen iyaye mata, ni mai cin ne, shekara 7 ina da ciwon nan. Abin da ba a faɗa ba shi ne ba ya riƙe ciki. Ranar da iyalina ta fara yi min zalla da miyar tumatir, kafin la'asar hannuna na rawa a shago. Kuma satin farko na sha kumburin ciki. Yanzu abin da muka tsaya a kai shi ne haɗi: ludayi 1 na shinkafar gaske, ludayi 2 na farin kabejin, a juya tare, da wake ko kifi ko ƙwai a gefe. Ido yana ganin kwano cike, baki yana jin shinkafa, kuma in na gwada suga bayan awa 2 ina ganin bambanci da lokacin da nake cin shinkafa zalla. Ga dattijuwar da ta riga ta rame, ni ban ga dalilin a ba ta shi tsura ba.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe:
Malam ya taɓo wurin da nake so in yi magana. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana da wajen giram 28 na sinadarin da ke komawa suga a jiki, da kalori kamar 130. Giram 100 na ɗanyen farin kabeji yana da wajen giram 5 ne, kalori 25. Tazarar tana da yawa, shi ya sa yake amfani, kuma shi ya sa ake taka-tsantsan. In Hajiya tana allurar insulin ko tana shan irin ƙwayoyin da ke sa jiki ya ƙara fitar da insulin, aka cire mata shinkafa kwatsam magani kuma yana nan yadda yake, suga na iya faɗuwa ƙasa. Rawar jiki, zufa, jiri, ruɗewa, su ne alamun. Don Allah 'yar uwa ki sanar da likitanta canjin da kike shirin yi, kuma ki faɗa masa maganar ramar nan, kada a ɗauka duk rashin cin abinci ne. Kumburin ciki kuwa halin dangin kabeji ne, a fara da kaɗan. Warin da ya cika miki gida ma nasu ne, sinadarin farar wuta ne ke fita, kuma iya daɗewarsa a wuta iya ƙarfinsa.

'Yar Maraɗi:
Mu nan sai lokacin sanyi muke ganinsa, shi ma ba kullum ba, kuma da tsada. Sauran watanni da kabeji na gama-gari nake yi, wanda muke ce wa shu. Danginsu ɗaya. In yanka ƙanana sosai, in ɗan barbaɗa gishiri in bari ya yi zufa, in matse, in soya. Ba ya yin tsaki-tsaki kamar farin, ban ce ya kai shi ba, amma ya shiga miya lafiya kuma aljihu ya huta.

Amaryar Jidda:
Anti uwar 'yan biyu, kada ki yanke ƙauna da bilendarki, ni da ita nake yi. Nan farin kabeji yana da araha, Larabawa suna ce masa ƙarnabiɗ, don haka na samu damar ɓatawa da gyarawa sau da yawa. Ruwan da kika sa ba shi ne laifin ba, don in babu ruwa ƙasan ne kawai ke niƙewa. Ki zuba rassan zuwa rabin kofin, ruwa ya rufe su, ki danna ki saki, ki danna ki saki, sau 4 ko 5 kawai, kina leƙawa. In kika bar ta tana gudu kamar markaɗen tattasai, shi ke nan. Sai ki juye a rariya, daga nan zuwa ƙyalle, ki murɗe da ƙarfinki duka. Za ki yi mamakin ruwan da zai fita. Bayan nan sai suya irin ta Antin Jos.

Ajiya kuma, ɗanyen gogagge ba ya son zama. Na taɓa barinsa a firij kwana 3, da na buɗe robar sai da na buɗe tagogi. A firiza yana daɗewa in an shimfiɗa shi a leda ya yi fale-fale, kuma daga firiza kai tsaye kasko ake zubawa, ba a jira ya narke. Amma inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, gara a goga na ranar kawai.

Uwar 'yan biyu, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dawo in ba ku labari. Shekaranjiya mun koma asibiti, na faɗa wa likita, ya duba magungunanta ya ce a fara da rabi da rabi, ya kuma rubuta wasu gwaje-gwaje saboda ramar. Jiya na wanke tun dare na baza a faifai kamar yadda Antin Jos ta ce. Da safe na goga da abin kuɓewa, bai kai minti 10 ba. Na bi ta hanyar Hajiyar Katsina, na turara na baza a tire, na haɗa da zogale da ƙuli-ƙuli, na zuba ludayi 1 na shinkafa a ciki, na ɗora mata soyayyen kifi. Na ce Hajiya ga dambu. Ta ci fiye da rabin kwanon, ta ce yaji bai ji ba. Gidan ma bai yi wari ba. Saura rabin kai a firij ban goga ba, gobe zan gwada suyar da ƙwai. Hajiyar Katsina, ƙuli-ƙulin nawa kike sawa a kofi 2? Nawa kamar ya ɗan yi yawa, ya danne zogalen.