"Riyaktif yayi ne": yadda ta kaya a zauren masu rubuta manhaja na Jigawa

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Wani kamfani a Kano ya kira ni intabiyu, na nuna musu manhajar da na yi wa masu sayen riɗi na garinmu da Spring MVC, tsarin gina manhajar yanar gizo da yaren Java, tana aiki lafiya ƙalau. Tambayarsu ɗaya: ka iya WebFlux, wato salon riyaktif na Spring, inda manhaja ba ta tsayawa jiran amsa kafin ta kama wani aikin? Na ce a'a, aka ce za a neme ni. Wallahi wannan riyaktif ɗin yayi ne kawai. Manhajar da ƴan tsiraru ke shiga, me za ta yi da shi?

Baffan Gumel: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya da mafi alheri. Amma ƙanena, janye "yayi". Spring 5 da ta zo da WebFlux tun Satumbar 2017 ta fito. Kafin nan ma Servlet 3.0 na Java ya buɗe ƙofar aiki ba jira tun 2009, shekarar da Node.js ya ɓullo. Wane yayi ne yake daɗewa haka?

Ƴar Haɗeja: Ku tsaya a gane abin tukuna. A tsohon tsari kowace buƙatar da ta shigo zarenta guda, wato "thread", ɗan aikin da ke ɗaukar ta har ƙarshe, kuma Tomcat, sabar da manhajar ke gudu a kai, zare 200 yake ba ka in ba ka ƙara ba. Zaren zai zauna zugum har rumbun bayanai ya amsa. Kamar mai shayin da ya ɗora wa mutum ɗaya ƙwai ya tsaya yana kallon kasko, layi na ta tsawo. A WebFlux kan sabar Netty zaruruwan kaɗan ne, amma babu mai tsayawa: a miƙa aiki, a juya kan na gaba, in amsa ta zo a dawo. Sai dai fa JDBC, hanyar da Java ta saba magana da rumbun bayanai, jira yake yi. In ba ka koma R2DBC, takwaransa marar jira ba, wahalar banza ka sha.

Na Kazaure: Anti, duk mun ji. Yayi ne dai. Java 21 ta fito a Satumbar 2023 da zaruruwa marasa nauyi, Spring Boot 3.2 ta karɓe su a Nuwamba, layi ɗaya za ka rubuta ka kunna. Ka yi kod ɗinka miƙe, ba Mono ba Flux irin na WebFlux. Abin da aka yi wa rububi sannan aka watse, me sunansa?

Baffan Gumel: Su wa suka watse? Kawo hujja.

Na Kazaure: Na gani a YouTube.

Baffan Gumel: To madalla, an kawo mana babban malami.

Na Kazaure: Baffa, don ka ɓata damina guda kana koyon Reactor, ginshiƙin WebFlux, ba shi zai sa mu ce farilla ne ba.

Baffan Gumel: Yaro, lokacin da nake rubuta Java kana firamare.

Mai Kafe: Mu ƴan Laravel, masu aiki da yaren PHP, muna gefe muna shan kallo. Kuna ta rigima, mu muna karɓar alat.

Na Kazaure: PHP ai aikin ƙauye ne, Oga. Bari manya su yi magana.

Mai Kafe: Ƙauye? Kai daga Landan kake bugowa? Jiya ba kai ne ka ce sai ka hau tudu kake samun sabis ba?

Ƴar Haɗeja: A bar zancen ƙauye don Allah. Duk wanda ke nan, abincin da yake ci daga gona ya fito.

Mai Kafe: Sai ya janye. Da PHP aka fara gina Facebook ɗin da yake wuni a kai.

Na Kazaure: Zan janye ranar da Baffa ya yarda yayi ne.

Baffan Gumel: To za ku daɗe.

Ɗan Ringim: Jama'a, ni fa tambayata ko in koyi abin nan ko in ƙyale shi. Har yanzu ba wanda ya kula ni.

Mai Kafe: Malam, ka yi haƙuri, ana magana mai muhimmanci.

Shugaban Zaure: Na rufe wannan batu, ga abin da aka cimma. An gano cewa Java na wahalar da mutanenta, tunda su kansu sun kasa daidaitawa tsakanin WebFlux da sababbin zaruruwa. Yaren Python kuwa tun 2015 yake da async da await na aiki ba jira, Django 3.1, tsarinsa na gina manhajar yanar gizo, ta shigo da su a 2020 ba tare da hayaniya ba, kuma ba wanda ya musa hakan. Don haka shawarar zaure ga Ɗan Ringim ita ce ya koma Django. Ajina na Asabar yana nan a Dutse, akwai sauran gurbi.

Ƴar Haɗeja: Ranka ya daɗe, wa ya ambaci Django a nan kafin kai?