Rumfar hoto da Raspberry Pi: ƙaramar kyamara ta isa, ko sai babba?

Injiniya: Assalamu alaikum. Ina nan a kan bakata: duk mai son haɗa rumfar ɗaukar hoto da Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan mai allo ɗaya, 'yar kyamarar nan da ake jonawa a jikin allon ta ishe shi. Camera Module 3 da ta fito a 2023 megafiksel 12 ce, kuma ita ke saita ganinta da kanta. Hoton da za a buga inci 4 da 6 ne, wato fiksel 1200 da 1800 idan ana buga ɗigo 300 a kowane inci. Megafiksel biyu da ɗoriya ke nan. To ƙatuwar kyamara ta mece ce?

Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ba yawan fiksel ke fito da fuska ba, haske ne. Farantin da ke karɓar haske a cikin wannan kyamarar faɗinsa bai kai milimita 7 ba, na babbar kyamara irin DSLR kuwa ya haura 22. A ɗakin taro da dare, ko dai ta daɗe ido a buɗe hoto ya yi dishi-dishi, ko ta tilasta wa kanta ya fito da tsakuwa-tsakuwa. Kuma mutane ba sa tsayawa cak a rumfa. Dariya suke, suna ture juna. Mai duhun fata shi ya fi cutuwa, fuskarsa sai ta nutse.

Malama: Ni fa da nufin haɗawa na shigo, kada ku rikita ni. In matsalar haske ce, ba sai a ƙara fitila ba?

Injiniya: Yawwa Malama, kin gama magana. Fitilun LED biyu, dama da hagu, a rufe su da farin ƙyalle don hasken ya yi laushi. Sai ki kafe saurin ɗauka a Picamera2, manhajar da ke sarrafa ƙaramar kyamarar, misali kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa, kada ki bar ta ta zaɓa. Babbar kuwa sai ta bi ta USB da manhajar gphoto2. Hoton da mutum ke kallon kansa a allo yakan ja ƙafa, kyamarar ta yi barci ana tsaka da aiki, batir ya ƙare.

Mai Hoto: Barcin ana kashe shi a saiti, kuma akwai batirin da ake jonawa da wuta kai tsaye. Amma fitilar da za ta ba ka wannan saurin, kashe ido take yi, kowa ya fito yana ƙanƙance ido. Filasha kuwa ƙiftawa ɗaya ce, ta daskarar da motsi. Taka kyamarar layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa haɗa ta da filasha ke da wuya. Wadda masu Raspberry Pi suka fitar mai ɗauka gaba ɗaya, Global Shutter, megafiksel 1.6 ce kacal, ba ta ma kai lissafin da ka yi ba.

Dattijo: Ƙannena, kun bar jaki kuna dukan taiki. Abin da ke tsayar da layi firinta ce. Irin su Canon Selphy sau huɗu takarda ke shiga tana fita: launuka uku, sannan shafen kariya. Ku tabbata CUPS, manhajar da ke aika hoto zuwa firinta, ta gane ta tun kafin ranar taro. Sannan Raspberry Pi 4 na son wuta mai volt 5 da amfiya 3, kuma in kun kulle ta a akwatin katako babu fanka, da zafinta ya kai digiri 80 na Celsius za ta rage gudu.

Injiniya: Gaskiya ne Yaya, kuma wannan ma ya ƙarfafa ni. Duk abin da aka ƙara jonawa, an ƙara abin da zai iya tsayawa.

Mai Hoto: Firinta abin da aka ba ta take bugawa, Yaya. Malama, taron naki da rana ne ko da dare?

Malama: Da dare ne, a cikin ɗaki, kuma yara sun fi yawa. Babbar kyamara dai ba ni da ita.

Mai Hoto: To ki ari ɗaya kafin ki yanka katako. Ki kashe fitilun ɗaki, ki kunna LED ɗin, ki sa yaro ya yi tsalle a gaban kowacce, ki buga duka biyun ki turo mana.

Injiniya: Na yarda, da sharaɗin a tsayar da shi mita ɗaya da rabi daga fitilun, kuma kada a faɗa mana wanne ne na wacce sai mun zaɓa.