Yaya zan gane ƙaramar hukumar da rijiya ta faɗa cikinta ba tare da na duba dukkan iyakoki ba?

Mai_Taswira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da taswirar iyakokin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, kowace da kusurwoyi masu ɗimbin yawa, ina kuma da wuraren rijiyoyin burtsatse da aka ɗauko da GPS. A yanzu kowace rijiya sai na gwada ta da kowace iyaka, aikin kuwa yana cin sa'o'i. Akwai kuma gonaki, waɗanda su ba ɗigo ba ne, fili ne mai faɗi. Wane tsarin adana bayanai ya dace?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Abin da kake nema shi ne R-tree, wanda Antonin Guttman ya gabatar a 1984. Ana kewaye kowace ƙaramar hukuma da akwati mafi ƙanƙanta da zai ɗauke ta, sannan a tara akwatunan da ke maƙwabtaka cikin babban akwati, haka har zuwa sama. Idan rijiya ba ta cikin babban akwati, duk abin da ke ƙarƙashinsa an tsallake shi ke nan, kuma kwatance huɗu kacal ake yi a kowane akwati. 'Yan kaɗan da suka rage su ake yi wa gwajin gaske: a ja layi daga rijiyar zuwa waje, idan ya ratsa iyaka sau ɗaya, ko uku, ko biyar, tana ciki. Gona ma hanyarta ɗaya, sai dai a tabbatar gefunanta ba su ratsa iyakar ba.

Injiniya_Hadiza:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Tun da ƙananan hukumomi ba sa hawa kan juna, akwai tsarin David Kirkpatrick na 1983 mai raba taswira zuwa alwatika, wanda saurinsa tabbatacce ne ko da a mafi munin yanayi, amma gina shi yana da wahala, kuma ban ga dalilin ɗaukar wannan nauyi saboda siffofi 774 ba. Ka yi amfani da PostGIS, wato manhajar adana bayanan taswira, da fihirisarta ta GiST, wadda ke aiki da tsarin R-tree ɗin da Malam ya bayyana. Ka dai kula, a cikin umarnan PostGIS na gwada ko ɗigo yana cikin iyaka, ST_Contains ba ya ƙirga ɗigon da ya faɗa daidai kan iyaka, ST_Covers ne yake ƙirga shi.

Mai_Taswira:
Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Zan gina fihirisar, in gwada da ƙananan hukumomi 44 na Kano tukuna.