Wayar da Aka Manta a Mashaya: Da Gangan ne ko Ganganci?

Alhajin Waya: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, mai jin haushi ya ji. Mako 3 ke nan da na sari waya 6, manya, sababbi dal a kwali, na wani kamfani da ba zan kama sunansa ba. Ko kwana 7 ba su yi a gilashi ba sai ga hotunan wadda za ta gaje su sun cika Facebook da TikTok, gaba da baya, har da kalolin da za ta zo da su. Tun daga ranar duk wanda ya shigo shagona a Farm Centre sai ya ɗauki waya ya jujjuya, ya shafa gefenta, ya ce "Alhaji bari dai mu ga sabuwar," ya ajiye. Jiya wani yaro da na haifi kamarsa ya yi min tayin da sai da na ce ya fita. Wai kuma a ce mana sato hotunan aka yi. Ƙarya ne! Su da hannunsu suke saki don a yi ta maganarsu kyauta. Kun manta 2010? Ma'aikacin Apple ya "manta" iPhone 4 a kan kujerar wata mashaya a Redwood City ta jihar Kalifoniya, kusan wata 3 kafin Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya ɗaga ta a gaban duniya. Jaridar Gizmodo ta saye ta dala 5,000 ta baza hotuna. Kamfanin da ko inuwarsa ba ya yarda da ita, a ce wayarsa ta kwana a mashaya? Wannan ganganci ne tsagwaronsa, mu 'yan kasuwa kuma mu ne a ƙasa.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Malam Mai Alli: Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Amma ka yi rubutu mai tsawo ka zo ƙarshe ka rushe shi da kalma ɗaya. In ka ce "ganganci ne," to ka goyi bayan Apple ke nan, domin ma'anarsa ke nan: yaro ya yi wasa da amanar da aka ba shi. Abin da kake son faɗa shi ne "da gangan." Ba ɗaya ba ne.

Alhajin Waya: Allah gafarta Malam, ba a aji muke ba. Kowa ya gane nufina.

Malam Mai Alli: Ni ban gane ba. Da na gane da ban yi magana ba.

Ɗan Auta: To fa, an fara 😂

Maman Ilham: Malam, da girmanka, amma a nan kai ma ka ɗan kauce. Direban da ya ɗebo fasinja ya shiga hannun da ba nasa ba a kan kwana, shi ne ya yi ganganci, kuma yana sane sarai. Wanda ya tashi ya bar waya a kan kujera bai san ya bari ba, sakaci ya yi. Mai ganganci idonsa biyu. Ashe ke nan Alhaji bai yi nisa da hanya ba.

Malam Mai Alli: Hajiya, mai ganganci yana sane da haɗarin, amma ba ya nufin a yi hatsarin. Mai yi da gangan kuwa sakamakon yake nema. Shekara 22 ina koyar da Hausa.

Maman Ilham: Ni kuma shekara 40 da ɗoriya ina jin ta a bakin kakata, ba ta taɓa shiga aji ba.

Ɗan Auta: Anti ta ci wannan zagayen. Malam a sake shiri.

Malam Mai Alli: Kai yaro, sakamakon jarrabawarka na nan a durowata har yau. Kada ka sa in ɗora shi a nan.

Mai Gyara: Jama'a ku bar kalmar nan haka, ku dubi abin da ya faru. Na bi labarin nan tun ina yaron shago. Wayar a cikin wata riga aka saka ta don ta yi kama da iPhone 3GS da ke kasuwa a lokacin, wato ɓoye ta ake yi. Da ta ɓata, daga nesa suka goge duk abin da ke cikinta, ta koma ba ta tashi. Da Gizmodo suka buga labarin ranar 19 ga Afrilu, Steve Jobs da kansa ya ɗauki waya ya kira editansu ya ce a ba shi kayansa. Kwana 4 bayan nan 'yan sanda suka fasa ƙofar gidan wanda ya rubuta labarin da dare, suka kwashe kwamfutocinsa. Wanda ya shirya talla ba ya aika 'yan sanda gidan mai yi masa tallan. Kuma Alhaji, abin da zai ba ka mamaki: da kotu ta buɗe takardun binciken, ƙorafin da Apple suka kai wa hukuma shi ne irin naka sak, cewa mutane za su daina sayen wadda ke kasuwa su zauna jiran sabuwa. Ciwon da ke damunka shi ke damunsu, nasu ma ya fi yawa.

Alhajin Waya: Duk cikin shirin ne. In ba a fasa ƙofa ba wa zai yarda? Ai ranar da Steve Jobs ya fito da wayar a watan Yuni har raha ya yi, yana cewa wanda ya riga ya gan ta ya tsayar da shi. Wanda aka yi wa ɓarna yana raha?

Mai Gyara: To kuka kake so ya yi a kan dandamali?

Ɗan Auta: Yaya Mai Gyara, kai fa duk abin da Apple suka yi daidai ne a wurinka, tunda canjin gilashinsu ne ke biya maka kuɗin haya. Ga Google nan, a Yunin 2019 da hotunan Pixel 4 suka fara yawo, da kansu suka ɗora hoton bayan wayar a Twitter, wata 4 kafin su fito da ita a Oktoba. Ba ɓoye-ɓoye, ba mashaya. Su ne masu gaskiya.

Mai Gyara: Wannan ai sanarwa ce, da sunansu a kai. Ba ita ake musu a kanta ba. Kuma ka yi shiru da zancen Google, ka manta 2018 da aka riƙa sayar da Pixel 3 XL ta bayan fage a Yukren tun kafin ta fito? Har bitarta mutane suka yi a intanet. Wannan ma gaskiya ce ta sa?

Ɗan Auta: Ko ma dai mene ne, batirinmu na kai wa dare.

Maman Ilham: Wayar taka da kake ɗaure ta da roba?

Alaramma: Salamu alaikum. Na shigo na tarar an yi nisa. Ni abin da ya tsaya min a rai ba kamfanin ba ne, wanda ya ɗauki wayar ne. Kowa na cewa "an tsinta, an tsinta," kamar tsintuwa halak ce. Hukuncin tsintuwa a bayyane yake: ka kiyaye siffarta, ka yi cigiya shekara guda, in mai ita ya zo ka ba shi. Wannan bawan Allah ko wata 2 bai yi ba ya kai ta kasuwa. Wanda ya saya kuma ya san ba ta mai sayarwa ba ce. Ina tsintuwa a nan?

Ɗan Auta: Alaramma, a mashaya fa aka tsince ta. Cigiyar a ƙofar wane masallaci za a yi?

Alaramma: Wurin da aka tsinci abu ba ya halasta shi, ɗana. Ko a ina ne haƙƙin mutum haƙƙinsa ne.

Malam Mai Alli: Alaramma ya yi daidai, sai dai gyara kaɗan. Abin da mai shi ya ajiye da hannunsa ya tashi ya bari mantuwa ce, ba tsintuwa ba. Tsintuwa ita ce abin da ya faɗi ba a san mai shi ba.

Maman Ilham: Malam don Allah. Yau ko gaisuwa aka yi sai ka sa mata jan biro.

Alaramma: Malam, ga mai shi mantuwa ce, ga wanda ya ɗauka tsintuwa ce. Hukuncin dai ɗaya.

Mai Gyara: Dokar Kalifoniya ma kusan haka take, sai ka yi ƙoƙarin mayar wa mai shi. Shi ya sa a 2011 aka gurfanar da samari 2 da suka yi cinikin, aka yanke musu aikin gayya na awa 40 da biyan Apple dala 250 kowannensu. Su Gizmodo ba a tuhume su ba. Alhaji, su ma samarin 'yan wasan kwaikwayo ne?

Alhajin Waya: Dala 250! Aka ba su 5,000 suka biya 250. Ni ma a ba ni wannan hukuncin.

Baban Khalifa: Tunda ana zancen haƙƙi, Alhaji ina cajata? Wata 2 ke nan da ka ce za ka canja min, duk zuwan da na yi sai yaronka ya ce ka je sallah.

Alhajin Waya: Ka jiƙa ta a ruwa ka kawo min, in canja maka da me? Kuma nan ne wurin wannan maganar?

Baban Khalifa: Kai ka fara kawo zancen shago cikin zaure.

Maman Ilham: Ni ma dai wadda na saya wa Ilham a wurinka an ce sabuwa ce, da aka buɗe aka ga hoton wani Bature da karensa.

Alhajin Waya: Hajiya ji tsoron Allah! Na ce miki ta hannu ce, ke kika ce kada a faɗa wa yarinyar.

Ɗan Auta: Wannan ita ce fallasar gaske, ba ta Apple ba 😂😂

Baban Khalifa: Ni dai in koma kan magana, Alhaji yana da gaskiya ta wani ɓangaren ko da yake ya cinye min caja. Akwai wani John Martellaro da ya taɓa riƙe muƙami a sashen talla na Apple. A farkon 2010 ya rubuta cewa kamfanin kan tsegunta wa amintaccen ɗan jarida labari da baki, ba a rubuce ba, don kada a bar sawu. A lokacin ana ta raɗe-raɗin iPad za ta kai dala 1,000, da ta fito aka ce 499, kowa ya ga kamar kyauta aka ba shi. In an tsorata ka da mutuwa ai ka yarda da zazzaɓi.

Alhajin Waya: Allahu akbar! Ka zo gobe ka karɓi cajarka.

Mai Gyara: Raɗa wa ɗan jarida farashi daban, jefar da waya sukutum a mashaya daban. Na farko kai ka zaɓi abin da zai fita. Na biyu kuwa an kwance ta an ga cikinta, abokan hamayya na kallo. A 2018 Apple suka rubuta wa ma'aikatansu takardar gargaɗi cewa a shekarar da ta gabata sun kama mutum 29 masu fitar da sirri, 12 daga ciki hukuma ta tsare su. Ita kanta takardar sai da aka fitar wa kafar labarai ta Bloomberg. Ita ma da gangan ne?

Malam Mai Alli: Ka ga, shi ya faɗe ta daidai. "Da gangan."

Maman Ilham: Innalillahi. Mun dawo.

Malam Mai Alli: Hajiya, ban ce kakarki ba ta iya Hausa ba. Cewa na yi ke ba ki ɗauko duka ba.

Maman Ilham: Shugaba, ka yi wa Malam magana. In ya sake taɓa kakata zan fita daga zauren nan.

Alaramma: A yi haƙuri, a yi wa Annabi salati.

Alhajin Waya: Sallallahu alaihi wa sallam. Amma ni har yanzu ba wanda ya ce min yadda zan yi da waya 6.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa, dare ya yi. Na karanta komai tun daga sama, ga abin da aka tsayar. An tabbatar Apple ba sa irin wannan ƙaramin aiki, kamfanin da mutane ke kwana a layi don sayen kayansa ba ya buƙatar mashaya ta yi masa talla, kuma Mai Gyara ya kawo hujjojin da ba wanda ya iya tankawa. Abin da Baban Khalifa ya kawo maganar tsohon ma'aikaci ce, kowa kuma ya san halin wanda ya bar wurin aiki. Masu sakin hoto da hannunsu su ne su Google, Ɗan Auta da bakinsa ya amsa. Kan kalma kuwa Malam ne da gaskiya, shi ya koyar da ni a aji 3 kuma ban taɓa kama shi da kuskure ba, Hajiya ta yi haƙuri. Batun tsintuwa mun bar wa Alaramma ya yi mana shi ranar Juma'a. An rufe wannan magana, wanda ya sake ɗora wani abu a kanta zan cire shi na kwana 2. Alhaji kuma ka same ni ta bayan fage, ƙanin matata na neman ɗaya daga cikin 6 ɗin nan, amma sai ka yi ragi sosai tunda sabuwa na hanya.