Wane suna za mu ba abin da ake rufe babur da shi?

Masta Awudu, Suame Magazin

Salamu alaikum jama'ar zango. Ina neman taimakon masu Hausa a baki. Abin nan da ake lulluɓe babur da shi in za a ajiye shi, wanda ake rubuta cover a jikin ledarsa, mu a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, "kaba" kawai muke cewa. Kalmar ba ta zauna ba. A Hausa kaba ganyen goriba ce da ake saƙa tabarma da ita, a nan Gana kuwa in ka ce kaba, tela zai ɗauka rigar mata kake nufi. Babbar damuwata ita ce abin iri biyu ne, na ɗaki da na waje, aikinsu daban, amma suna ɗaya muke kiransu da shi. Sai mutum ya sayi na ɗaki ya kai tsakar gida, ruwan watan Yuni ya ratsa shi a dare ɗaya. Ina son suna guda na gaba ɗaya, da biyu na rarrabewa.

Malam Sani, Aboabo

Wa alaikumus salam Masta. Me zai hana a ce murfin babur, ko marufin babur? Daga "rufe" suka fito, kuma rufewa ake yi.

Masta Awudu, Suame Magazin

Malam, murfi yana da mai shi tuni. Murfin tanki, murfin batir, murfin gefe, duk muna da su a jikin babur ɗin. In na aiki yaro ya ɗauko murfi, abin ƙarfe ko na roba mai tauri zai kawo mini. Murfi a bakin abu yake zama, wannan kuwa jiki duka yake sakaya.

Hajiya Rabi, tela, Asawase

Ni dai riga zan ce. Hausa ta riga ta ba mu hanya: rigar filo, rigar kujera, rigar katifa. Duk abin da aka auna jikin abu aka yanka, aka ɗinka masa, riga ce. Mayafi da lulluɓi yafawa ake yi, ba a auna su, kuma nan ne bambancin yake. Abin da aka yafa wa babur iska za ta yi ta kaɗa shi, yana gogar fenti har tanki ya dushe.

Ga yadda ake aunawa, don a ga dalilin da na ce riga. Tsawo daga bakin tayar gaba zuwa ƙarshen kariyar ɗora kaya ta baya, faɗi daga wannan hannu zuwa wancan, tsayi daga ƙasa zuwa kan madubi. Baburan da suka cika garin nan, masu inji cc 125 zuwa 150 irin su Haojue da Boxer da Apsonic, tsawonsu wajen mita 2 ne, faɗin hannu kuma bai cika wuce santimita 80 ba. A ƙara santimita 10 a tsawo da faɗi. In akwai akwati a baya, a auna da shi a ɗaure. Yadi 5 zuwa 6 na mai faɗin inci 60 ya isa. A sa roba a bakin gaba da na baya don ta kama tayoyi, amma kada rigar ta share ƙasa. A bar kamar faɗin tafin hannu, iska ta riƙa shiga ta nan.

Malam Sani, Aboabo

Na sallama, Hajiya ta fi ni hujja. Rigar babur. Sai dai mutanenmu da yawa "moto" suke cewa. A baki ba laifi, a rubuce kuwa rigar moto da rigar mota harafi ɗaya ne tsakaninsu, gara a riƙe babur.

Alhaji Issaka, mai tampol, Alabar

Kafin ku wuce, ina roƙon kada kowa ya kawo tampol ko leda a matsayin sunan ta waje. Tampol nake sayarwa, na san aikinsa. Yana tare ruwan sama, amma yana tare na ƙasa ma. Ƙasar Kumasi ba ta rabuwa da laima, damina biyu muke yi, daga Afrilu zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba. Rana ta fito, danshin ƙasa ya tashi ya shiga ƙarƙashin tampol, ba kafar fita. Dare ya yi, ƙarfe ya huce, tururin nan ya koma ruwa a kan tanki da sarƙa da wayoyi. Ɗaga tampol ɗin da asuba ka shafa cikinsa, hannunka zai fito jagab alhali ba a yi ruwa ba. Daga nan tsatsa take kama sarƙa da sifok, kujera ta yi fumfuna, makunni ya fara gardama. In muka sa wa abin suna tampol, mun koya wa mutane sayen abin da zai ruɓar musu da babur.

Yakubu, Nima

Gaskiya ne Alhaji, mu a Ankara (Accra) abin ya fi muni saboda iskar teku tana ɗauke da gishiri. Gishiri yana jan laima, in ya kwanta a ƙarfe aka rufe a kansa, tsatsa sai ta ninka sauri. Dole a wanke babur da ruwan famfo, ya bushe ƙarau, kafin a rufe.

Ta waje ta gari ga alamominta. Yadin foliyesta ne mai shafin roba ta ciki. Lambar da ake bugawa da harafin D, kamar 150D, 210D, 300D, 600D, kaurin zare take nunawa. Mai 150 sirara ce, rana takan cinye ta da wuri, ta yi fari, ka ja ta yage kamar takarda. Wanda babur ɗinsa ke kwana waje kullum ya nemi daga 300 zuwa sama. Akwai wata lamba ta milimita, 1500 ko 2000, ita ke nuna nauyin ruwan da yadin zai riƙe kafin ya fara tsiyaya. Sai a juya cikin rigar a duba ɗinki. In ba a liƙe bayan ɗinkin da tef ba, ruwa ta ramin allura zai shiga, komai kyan yadin. Sannan ta kasance da kafar iska guda biyu a sama wajen madubi, masu ɗan rufi a kansu yadda ruwa ba zai faɗa ba. Wasu suna ganin kafar nan su ce riga ta huje, har su sa a ɗinke ta. Kuskure ne babba, ta nan gumin yake fita.

Suna kuwa, ina ganin rigar ruwa.

Hajiya Rabi, tela, Asawase

Yakubu ɗana, rigar ruwa ta mai tuƙi ce. Ka je kasuwar Kejetia ka ce a ba ka rigar ruwa ta babur, riga da wando za a miƙo maka. Kuma kalmar ta rage wa rigar aiki, tunda rana ta fi ruwa ɓarna a kujera da robobi.

Malam Sani, Aboabo

To a bi wurin ajiya: rigar ɗaki da rigar waje. Gajeru ne, yaro ma zai riƙe.

Masta Awudu, Suame Magazin

Rigar waje ta yi mini. Rigar ɗaki ce nake ɗan ja da ita, don mutum zai ga rumfar kwano ko baranda ya ce ai ɗaki ne, alhali feshin ruwa yana kaiwa can. Na fi son sunan ya faɗi iyakar ƙarfinta: rigar ƙura. Abin da take tarewa ke nan, ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da kashin ƙadangare, da karcen masu wucewa. Yadi mai laushi ake so, mai talewa ko auduga tsantsa, wanda in ka kara a baki ka hura iska za ta wuce. Tsohon zanen gado mai tsabta ma yana yi. Wanda ya ji "ƙura" ba zai sa ran ta tare masa ruwa ba.

Kada kuma a ce tunda ta waje ta fi ƙarfi a yi amfani da ita a ɗaki. A ɗakin da iska ba ta ratsawa, kafofinta ba sa aiki, sai ta koma kamar tampol ɗin Alhaji.

Alhaji Issaka, mai tampol, Alabar

Rigar ƙura da rigar waje, na sa hannu. Saura igiyar da ke bi ta ƙarƙashin ciki a ɗaure. Masu doki sun daɗe da sunanta, majayi. In kalmar ta yi wa matasa nisa, a ce ɗamara. Ba ita, guguwar farkon damina za ta cika rigar da iska, ko ta tafi da ita, ko ta kayar da babur ɗin in a jakin gefe yake. A kafa shi a jakin tsakiya, a kan siminti ko katako, ba a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba.

Yakubu, Nima

Ɗamara ta fi sauƙi a bakinmu. Wani abu kuma, kada a sa riga ana sauka daga babur. Wuyan salansa kusa da inji yakan wuce digiri 300, foliyesta tana narkewa wajen 250, leda kuwa da ta haura 100 kaɗan ta fara saki. Ta narke ta manne a salansa, cire ta sai da kankara. A jira rabin awa, ko sai ka iya ɗora hannu a kai. Masu tsada suna da wani yadi na daban a gefen salansa, shi ma ɗumi yake jurewa, ba wuta ba. Me za mu kira shi?

Hajiya Rabi, tela, Asawase

Shafi. Haka muke kiran yadin da ake sawa cikin riga. Shafin salansa a ƙasa, shafin laushi a sama inda ta taɓa tanki da gilashin fitila. Shafin laushin nan a riƙa kakkaɓe shi, don in yashi ya maƙale a ciki ya zama sanfefa.

Masta Awudu, Suame Magazin

Madalla, Allah ya saka da alheri. Gobe zan sa a rubuta a allon shago: rigar babur, rigar ƙura, rigar waje. Wanda zai ajiye fiye da wata ɗaya, kafin ya sa rigar ya shafa wa sarƙa mai, ya rufe famfon fetur ya tsiyaye kafireta, ya cire wayar batir ta baƙi, ya toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro da ɓera. Duk mako a ɗaga rigar da hantsi na awa ɗaya ta sha iska. Hajiya, ramin nan na gaba da ake zura sarƙar kulle ta cikin taya, kafar kwaɗo za mu ce, ko kuna da sunansa a wajen ɗinki?