Hawan tsagar dutse a Joshua Tree: kayana sun isa, kuma da wace hanya zan fara?

Ɗan Bango ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da hutu a ƙarshen Nuwamba, ni da abokina mun tsai da shawarar zuwa gandun Joshua Tree da ke kudancin Kalifoniya. Na daɗe ina hawa a ɗakin atisaye, bangon nan mai madafai kala-kala, kuma ina jan gaba a 5.11 (lambar wahalar hanya ce, ƙaruwar lambar bayan ɗigo ƙaruwar wuya, wato 5.11 ta fi 5.7 wuya) ba tare da wata wahala ba. A waje kuwa, hanyoyin da aka riga aka kafa wa ƙusa kaɗai na sani, in maƙala igiya in wuce. Yanzu ina son shiga hawan gargajiya, wanda mutum ke saka ƙarfensa da hannunsa cikin tsaga, na baya ya zo ya cire.

Na sayi saitin kam, ƙarfen nan mai kunnuwa da ke buɗewa ya tokare cikin tsaga, na kamfanin Black Diamond daga lamba 0.5 zuwa 3, da saitin noti, wato guntayen ƙarfe masu waya da ake maƙalewa inda tsaga ta tsuke. Sun isa, ko in ƙaro? Na ga hoton wata hanya mai suna Double Cross, 5.7 ce kawai, ina tunanin in buɗe da ita. Sannan a ina ake kwana? Abokin nawa ya iya riƙon igiya, amma shi ma bai taɓa saka kam ba.

Tsohuwar Igiya ya rubuta:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kayanka sun isa mai farawa. Hanyoyin Joshua Tree gajeru ne, mafi yawansu tsawon igiya ɗaya, ba sa cin ƙarfe da yawa. Ƙaro dogayen madauri, da doguwar igiya mai kauri wadda ba ta miƙewa don ɗaure kai a sama, da ɗan ƙarfen da ake zungure noti da shi, da hular kwano ku biyu. Maganar saye ta ƙare nan.

Maganar Double Cross ce ta sa na gyara zama. Ka cire ta daga ranar farko. Tana jikin dutsen Old Woman a sansanin Hidden Valley, kyakkyawa ce ba gardama, amma tsagar ba daga ƙasa ta faro ba. Sai ka fara hawa fuskar dutse har ka yi nisa da ƙasa, sannan ka shiga tsagar, kuma a daidai wurin ne take neman mutum ya iya cusa hannu. Wanda bai iya ba sai ya kama leɓen tsagar yana ja da ƙarfi, hannu ya gaji, ga ƙarfe ɗaya tal a ƙasansa ko babu. Hanyar ta yi suna wajen raunata mutane, kuma yawancinsu lambar 5.7 ce ta jawo su.

Wannan lamba tsohuwa ce. Ma'aunin nan na 5 da ɗigo a dutsen Tahquitz aka tsara shi a shekarun 1950, ba nisa da Joshua Tree, kuma a lokacin 5.9 ce ƙololuwa. Royal Robbins ne ya hau 5.9 ta farko, hanyar Open Book, a 1952. Mutanen da suka girma da wannan ma'auni, da waɗanda suka biyo su a shekarun 1970 irin su John Long da John Bachar da Lynn Hill, ba su da kyauta wajen lamba. Saboda haka 5.11 ɗinka ta ɗaki ka bar ta a mota. Ƙarfin yatsu ta ba ka, kuma zai yi amfani wata rana, amma tsaga ba yatsu take tambaya ba.

Ga yadda abin yake a tsaga daidai hannu. Ka miƙe yatsu, ka zura hannu har wuyansa, babban yatsa a sama. Sannan ka lanƙwaso babban yatsan cikin tafi. Naman gindinsa zai kumbura ya tokare gefe ɗaya, bayan hannu ya tokare ɗaya gefen. Sai ka saki jikinka a kai, ƙashi ya ɗauki nauyin. Ƙafa kuma ka buɗe gwiwa waje, ka saka takalmi a kaikaice, ka maido gwiwar tsakiya, ka miƙe a kanta. Da zafi, ba zan ɓoye maka ba, kuma wanda ya ƙi zafin ƙafa hannunsa ne zai biya. Dutsen can kuwa giranait ne mai manyan ƙwayoyi, yana cin fata kamar magagari. In hannu ya ɗan zame cikin tsaga, ya tafi da fatar bayansa. Ka naɗe da filasta ko ka sa safar roba ta tsaga, kuma in ka saka hannu kada ka yi ta jujjuya shi, saka ɗaya ka zauna a kai.

Sai ƙarfen. Kam ba tsafi ba ne. Tun da Ray Jardine ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wild Country ya fara sayarwa da sunan Friends a 1978, aikinsa ɗaya ne: in an ja shi ƙasa, kunnuwansa su tura gefen tsaga, da ƙarfin da ya kai kusan ninki biyu na jan a kowane gefe. To ka ga in ka saka shi bayan ɓawon dutse mai rawa, ɓambare shi zai yi ya faɗo muku a kai. Ka ƙwanƙwasa da tafin hannu tukun, in ka ji yana amsawa kamar da rami a ciki, nemi wani wuri. Matsalar Joshua Tree ta musamman ita ce tsagoginsa da yawa baki ne buɗe, ciki matse, kuma gefensu ba sumul ba. Kunne biyu za su zauna lafiya, biyu su tsaya kan 'yar ƙwayar dutse da za ta marmashe da an ja. Dole ka leƙa ka ga duka huɗun. Su kasance sun matsu kamar rabi ko fiye, kada su buɗe ɗamɗam, kada kuma ka danna su har ƙarshe, don na baya zai yi ta fama bai fitar ba. Sandar ta kalli inda za ka faɗa, ka ƙara mata madauri don kada motsin igiya ya sa kam ya yi ta tafiya ciki.

Ni dai a dutsen nan na fi yarda da noti in na sami inda tsaga ta tsuke. Ana ganinsa ƙuru-ƙuru, ya zauna ko bai zauna ba. Asalinsa ma notin inji ne na gaske, wanda mahaya a Birtaniya suka riƙa tsinta suna zura wa igiya. Kafin nan turakun ƙarfe ake bugawa da guduma har tsagogi suka lalace, sai a 1972 Yvon Chouinard da Tom Frost, masu sayar da turakun da kansu, suka fito suna kiran mutane su daina.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar farko ku yi ta a ƙasa. Ku zaga gindin duwatsu kuna saka ƙarfe daidai ƙirji, ku maƙala madauri, ku taka da dukkan nauyi, fuska a kauce, hula a kai. Ƙarfen da ya fita ku duba dalili. In da hali ku ɗauki jagora mai izinin gandun na yini guda, ko ku bi bayan wanda ya iya kuna cire ƙarfensa. Cirewa ce ke koya wa ido inda ake sakawa. Makafi biyu a igiya ɗaya, wannan ban so ba.

Uwar Tagwaye ta rubuta:

Yaya, a sassauta wa yaron, kada ya fasa tafiyar gaba ɗaya. Duk abin da ka faɗa haka yake, amma akwai The Bong a dutsen Blob, 5.4 ce, tsagar na karɓar ƙarfe tun daga ƙasa, ga Trashcan Rock a Quail Springs inda masu koyo ke taruwa. Gandun na da hanyoyi sama da 8,000, ba za a rasa ta farawa ba.

Inda na saba da kai shi ne zancen "daidai hannu". Hannun wa? Maza sukan ce kam lamba 2, ruwan ɗorawa, ita ce tsagar hutu. Ni lamba 1 ja ce tawa, a lamba 2 hannuna yawo yake, sai na ƙoƙe shi, a lamba 3 kuwa dunƙule nake sakawa. Ɗan Bango, auna hannunka da ƙarafanka tun a gida, ka san wane launi ne naka. Hanya ɗaya takan zama wasa ga wani, azaba ga abokinsa, littafi kuma lamba ɗaya ya ba su.

A Indian Creek ta jihar Yuta abin ya fi fitowa fili. Can jan dutsen yashi ne, tsagar ta miƙe sambal da faɗi ɗaya daga ƙasa har sama, ba madafa a gefe ko ɗaya. Saitinka ɗaya ba zai kai ka ko'ina ba, sai an haɗa kayan mutane da yawa don a sami lamba guda bakwai ko takwas. Supercrack, wadda Earl Wiggins ya ja gaba a kanta a 1976, kafin kam ya shigo kasuwa aka hau ta, da ƙarafa masu kusurwa shida cikin tsagar da ba ta da inda ta tsuke. Duk sanda na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Can ba na bana ba ne gare ka. In ka je wata shekara, ka sani ba a hawan dutsen yashi bayan ruwa sai ya bushe sarai, don jiƙaƙƙe karyewa yake.

Mai Tanti ya rubuta:

Ni kwana zan amsa. Hidden Valley ba a kama wuri tun daga gida, wanda ya riga zuwa shi ke samu, kuma ƙarshen Nuwamba makon hutun Thanksgiving ne, cika yake maƙil. Ku kama wuri a Ryan ko Jumbo Rocks ko Indian Cove ta shafin recreation.gov tun yanzu. Babu ruwa a waɗannan sansanonin. Ku ciko jarkoki daga gari ko daga ƙofar shiga ta yamma, aƙalla lita 4 kowane mutum a yini, kuma ku rufe su, don ƙudan zuma na wurin ruwa suke bi. Waya ba ta kamawa a yawancin gandun.

Kada kalmar hamada ta ruɗe ku. Hidden Valley ta haura mita 1,200 a sama da teku, dare na iya kaiwa ga ƙanƙara, iska kuma in ta taso ba ta da kunya. Ana bin rana ne, a hau gefen da take duka. In sanyi ya yi yawa ku gangara Indian Cove, ta fi ƙasa, ta fi ɗumi. Doka: ba a ɗaura igiya a jikin bishiyar Joshua, ba a hawa kusa da zanen mutanen da a jikin dutse, kunkurun hamada kuma kallo kawai, in an ɗaga shi yakan zubar da ruwan da ya tara don tsoro, abin da kan iya kashe shi.

Ɗan Bango ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ajiye Double Cross. Hajiya, na gwada, lamba 2 ce tawa. Yaya, ka ambaci igiyar ɗaure kai a sama. Na ɗauka akwai sarƙa a ƙarshen kowace hanya kamar yadda na saba?

Tsohuwar Igiya ya rubuta:

Gara da ka tambaya. A hanyoyi da yawa babu. Za ka fito kan dutse ka tarar da shi fayau, tsagar da za ta karɓi ƙarfe tana can baya, nesa da baki. Shi ya sa na ce doguwar igiya. Ƙarfe uku masu kyau, a haɗa su wuri ɗaya yadda in ɗaya ya fita sauran ba za su sha fizga ba, sannan ka dawo bakin dutse inda kake ganin abokinka. Wannan na nufin kada ka ƙarar da kayanka a hanya. Kafin ka bar ƙasa ka san abin da ka ware na sama.

Saukowa kuma da ƙafa ce sau da yawa, ta bayan dutse, kan falale mai gangara ko ta wani lungu tsakanin manyan duwatsu, ba igiya, ga gajiya. Wata saukowar ta fi hawan ban tsoro. Ku karanta bayaninta a littafin hanyoyi, ku zaga bayan dutsen ku gan ta da ido kafin ku ɗaura igiya, kuma kada ku cire takalmin hawa sai kun taka yashi. A ƙarshen Nuwamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, saboda haka fitilar goshi ta kwana a ɗamara, ba a jaka a gindin dutse ba.

Hajiya ta yi gaskiya kan The Bong, ku fara da ita, ka cika ta da ƙarfe har abokinka ya yi ƙorafi. In ta zauna, Toe Jam na nan a Old Woman, sai Sail Away a Real Hidden Valley, wadda ke cin noti kamar don shi aka yi ta. Double Cross ka fara hawanta a bayan wani, ka ga da idonka inda ya saka ƙarfen farko.