Neman shawara: Za a kawo mana wayar duba bakin mahaifa, ma'aikatana sun rabu biyu

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nas ce, ni ke riƙe da sashen gwajin sankarar bakin mahaifa a asibitinmu. Aikinmu dai kun san shi: a shafa ruwan khal a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, a duba ko wani wuri ya yi fari. To wata ƙungiya ta zo da waya mai manhajar ƙirƙirarriyar basira. Za a ɗauki hoton wurin bayan an shafa, wayar ta ce lafiya ko akwai abin tuhuma. Sun ce gwaji ne, za a fara da mu.

Tun ranar sashen bai zauna lafiya ba. Manyan sistocinmu sun ce ba za su taɓa ta ba. Ɗaya ta ce mini ita da ta tsufa tana wannan aiki, ba waya ce za ta koya mata gani ba. Wata kuma ta ce sallamarmu ake shirin yi a hankali. Yaran da suka fito makaranta kwanan nan su kuma har ɗoki suke, ina tsoron kada su daina duban mace su koma duban fuskar waya. Ni kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hoton. Da ƙyar muke shawo kan mace ta hau gadon nan, wata sai mun kira mijinta. Yanzu in ce mata za a ɗauki hoton al'aurarta? Shugaban asibiti yana jiran amsata. Don Allah ku ba ni shawara.

Wata ungozoma mai ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ɗauki maganar manyan nan a matsayin taurin kai. Sun ga kaya iri-iri an kawo da biki, bayan shekara an kulle a sito saboda babu batir ko babu mai gyara. Ki zaunar da su kafin a kawo wayar, ki ce su za su yi mata jarrabawa. Kowace ta duba da idonta, ta rubuta abin da ta gani a littafi, sannan a tambayi waya. Inda suka saɓa, a kai wa likita. Wanda aka ba shi alƙalanci ba ya jin an raina shi. Kuma yaran ma hakan zai hana su lalaci, tunda sai sun rubuta nasu kafin su ga amsa.

Likitan mata:
Sista, abin da Hajiya ta faɗa shi ne daidai, in ƙara da wannan. Gwajin ruwan khal mun san rauninsa: mutum biyu za su kalli wuri ɗaya, wannan ya ce fari ne, wancan ya ce ba komai. Shi ya sa tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gwajin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankara, a gaba da shi. To ido na biyu ba abin ƙi ba ne. Amma ki tambaye su da hotunan su wa aka koyar da manhajar. Binciken da cibiyar cutar daji ta Amurka ta fitar a 2019, wanda ya sa aka fara maganar wannan hanya sosai, da tsofaffin hotunan matan Kosta Rika aka yi shi. Matanmu da yawa suna zuwa da sanyi, bakin mahaifa ya yi ja ya kumbura, ga haihuwa da yawa. Hasken ɗaki da irin kyamara ma suna iya canza amsa. Kuma macen da ta daina al'ada, wurin da ake nema yakan shige ciki, ba ido ba waya ba mai ganinsa.

Sai babbar tambaya: idan waya ta ce akwai matsala, me zai biyo baya? Kuna da na'urar ƙona wurin a ranar? Akwai inda za a tura wadda abin ya wuce nan? In babu, kin ƙara yawan matan da za su koma gida da fargaba ne kawai.

Mai ɗaukar hoton asibiti:
Maganar kora, Anti, mu ma an tsorata mu da ita. Abin da aka gani a Suwidin ya bambanta. A binciken da aka wallafa a 2023 kan mata kusan 80,000 da aka yi wa hoton mama, manhaja ta rage aikin karanta hoto da kashi 44 cikin ɗari, kuma an gano sankara fiye da yadda aka saba. Amma likita ne dai yake sa hannu a kan kowane sakamako. A nan da ma'aikatan ma ba su isa ba, wa za a kora? Waye zai sa ƙarfen dubawa, waye zai lallashi mace?

Wani mai haɗa manhaja:
Ni sana'ata ce, amma ba zan ce ku karɓa ido rufe ba. Kamfanin IBM ya yi manhajar Watson don ba likitocin daji shawara, aka yi ta tallarta a duniya. A 2018 rahotanni suka fito cewa ta ba da wasu shawarwari marasa aminci, a 2022 kuma kamfanin ya sayar da sashen. Saboda haka komai a rubuce. Hoton a cikin waya yake zama ko ana tura shi ƙasar waje? Da suna ko da lamba? Wa ke iya buɗewa? Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, bayanan lafiya kuma suna cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kai. Tunda sun ce gwaji ne, ki nemi ganin amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Kada kuma a taɓa ɗaukar hoton nan da wayar ma'aikaci, ko a tura ta WhatsApp.

Wata 'yar uwa:
Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. Yayata wannan ciwo ne ajalinta, sai da jini ya ƙi tsayawa aka kai ta, aka ce an makara. Sista, in da mace ce ta riƙe wayar, ta juyo mini da ita na ga cewa ba fuska ba ne, ba jiki ba ne, ɗan wuri ne kawai a ciki, wallahi zan yarda. Amma ku faɗa mana kafin mu kwanta, ba bayan mun cire zani ba. Wadda ta ce a'a, a duba ta yadda aka saba, kada a ɓata mata rai.

Mai neman shawara:
Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta huta. Na gode muku duka. Zan gaya wa shugaba mun amince da gwaji bisa sharaɗi: sista ta rubuta nata tukuna, takardar neman izini ta zama da Hausa a karanta wa mace tun a waje, kuma su kawo amsar inda hotuna ke zuwa a rubuce. Babbar sistar da ta fi ƙi ita zan roƙa ta riƙe littafin. Dakta, na'urar ƙonawa muna da guda ɗaya, mutum biyu ne kawai suka iya. Zan biyo ka ta akwatin saƙo kan yadda za a horar da sauran.